Tanki cike, inji na kukan ƙishi

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya ɗauko ni a babur ɗinsa zai kai ni gida. Sana'arsa ke nan, kabu-kabu, kuma bai taɓa yarda ya karɓi kuɗina ba. Muna kaiwa daidai Gawon Nama, nan cikin garin Sakkwato, sai injin ya yi tari sau biyu, babur ya fara ja da baya. Yaron ko a jikinsa. Ya zura hannun hagu ƙasa, idonsa na kan hanya, ya murɗa ɗan makullin nan da ke ƙarƙashin tanki, injin ya sake ɗauka, muka ci gaba. Na ce masa, "Kai, tun safe ba ka sha mai ba?" Ya ce, "Kawu, ai rizab na nan. In shi ma ya ƙare sai in kwantar da mashin gefe guda in hura tankin, shina kai ni gidan mai."

Ban ƙara cewa komai ba har muka iso gida, amma wannan motsin hannun nasa ya tsaya mini a rai. Shekaruna sun haura ashirin ina gyaran ƙananan jiragen sama, irin masu farfela ɗaya da kujera biyu ko huɗu. A Zariya na koyi aikin, a kwalejin koyon aikin jiragen sama da aka kafa tun 1964. Ni ba matuƙi ba ne. Ni ne mutumin da za ka hango da sassafe a durƙushe ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi a hannu. Kuma a cikin duk sassan jirgi, daga farfela har wutsiya, babu wanda ya fi hana ni barci irin 'yar gajeriyar hanyar da ke tsakanin tanki da inji.

In ana hira a majalisa aka gane aikina, tambayar farko ita ce, "Wai mai yana ƙare wa jirgi a sama?" Yana ƙarewa, amma iri biyu ne. Akwai wanda tankinsa ya bushe ƙaf, wannan laifin lissafi ne ko na ganganci. Akwai kuma wanda injinsa ya mutu alhali ga mai nan cike a fiffike, ya dai kasa isa inda ake buƙatarsa. Na biyun nan shi ya fi ci mini rai, domin masu bincike sukan zo wurin da jirgi ya faɗi su buɗe tanki su tarar da man da zai kai shi Kano ya dawo.

Yawancin ƙananan jirage a cikin fukafukansu man yake, tanki ɗaya a hagu ɗaya a dama. Daga nan sai su rabu gida biyu, gwargwadon inda fiffiken yake. Ɗauki Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, kuma babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. Fukafukansa a saman kan matuƙi suke, don haka mai da kansa yake gangarowa, kamar tankin ruwan da aka ɗora a saman gida. Makullin mansa yana da hagu, yana da dama, yana kuma da wurin da ake haɗa su su zuba tare, kuma a nan ne yake zama kusan kullum. Amma jirgi mai fukafukai a ƙasa, irin Piper Cherokee ko Tampico ɗin Faransa da ɗalibai da yawa suka koyi tuƙi da shi a Zariya, shi kamar rijiya yake, sai an janyo. Yana da famfon da inji ke juyawa, da wani na lantarki na ko-ta-kwana. Makullinsa hagu ne, dama, ko rufewa. Babu "duka biyu". Dalilin ba wuya: sa bututun shan lemo biyu a bakinka, ɗaya cikin kofi mai lemo ɗaya cikin kofin da babu komai, ka zuƙa. Iska za ka sha. Haka famfon jirgi yake, iska ta fi masa sauƙin ja.

To wannan shi ya ɗora wa matuƙin irin wannan jirgi aikin da ba ya ƙarewa. Dole ya riƙa sauya tanki, galibi duk rabin awa, don kada fiffike ɗaya ya rinjayi ɗaya, kuma don kada ya shanye guda bai sani ba. Tsofaffin matuƙa suna da dabarar da nake so: su dubi agogon hannu, in dogon hannun agogon yana ɓangaren dama, wato daga sha biyu zuwa shida, tankin dama ake sha, in ya koma ɓangaren hagu a koma na hagu. Sauyin ma da tsarinsa. A kunna famfon lantarki, a murɗa makulli har a ji ya zauna daram a gurbinsa, a zuba wa allurar ƙarfin mai ido, sannan a kashe famfon. Makullin da ya tsaya tsakanin hagu da dama daidai yake da rufaffe. Kuma ba a sauya tanki ana gab da tashi, domin ɗan man da ya rage a bututu da kabureta zai iya ɗaga jirgi daga ƙasa, ya ƙare a daidai lokacin da titi ya riga ya ƙare.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni, don duk abin da zan faɗa bayan wannan daga nan ya samo asali.

Wata shekara, damina ta yi tsakiya, aka kawo wani ƙaramin jirgi mai fukafukai a ƙasa nan filin jirgin Sultan Abubakar na Uku, domin zagayen gano inda tsuntsayen jan-baki ke kwana a fadamu kafin masu feshi su iso. Jirgin ya sauka, sai aka samu tsaiko kan kuɗin aiki, ya zauna a fili kusan mako uku ba rumfa. Ranar da aka ce a fita, tun bayan asuba ina wurinsa. Na duba baƙin mai, na tatsi tankuna, na samu 'yan ɗigon ruwa na zubar har man ya fito tas, na auna da sanda. Na kuma sunkuya na leƙa ɗan bututun shan iska da ke ƙarƙashin kowane fiffike. Bakinsa a buɗe yake. Na sa hannu a takarda, na shiga kujerar dama, domin matuƙin ya ce in raka shi.

Da tankin dama muka tashi. Muka bi ta kan Kware, muka kama gulbin Rima muka nufi wajen Wurno. Duniya ta yi kore shar, ruwa ya malale fadama, shinkafa har inda ido ya tsaya. Da rabin awa ta cika, matuƙin ya koma tankin hagu yadda ya kamata, komai lafiya. Kamar minti ashirin bayan nan, idona ya faɗa kan allurar ƙarfin mai, na ga tana rawa. Kafin in buɗe baki injin ya yi tari, ya ɗauka, ya sake yi, sai ƙarar da ta cika mana kunne tun safe ta koma wani irin huci, farfela na juyawa da ƙarfin iska kawai. Na leƙa ƙasa. Babu tudu, babu hanya, ruwa ne da laka. Na ji bakina yana maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Shi kuwa matuƙin bai ko dube ni ba. Hannunsa ya kai kan famfon lantarki, ya sauka kan makulli ya mai da shi dama, ya tura maɓallin cakuɗa mai da iska gaba gaba ɗaya, ya sunkuyar da hancin jirgin kaɗan. Sai jira. Ba na jin ya wuce daƙiƙa goma, amma har yau ina iya tuna zufar da ta gangaro mini ta bayan kunne a cikinsu. Injin ya yi gurnani, ya kama.

Ya ce, "Injiniya, nawa muke da shi a dama?" Na duba takardar da ke kan cinyata, inda na rubuta abin da sanda ta nuna da safe da mintocin da muka sha, na ce, "Kyaftin, zai kai mu gida har da saura." Ya ce, "To hagu ya mutu a wurinmu." Muka juya.

Da muka sauka na hau fiffiken hagu na kama murfin tanki, ya ƙi buɗuwa. Da na matsa masa ya saki, sai na ji fuuu, tankin ya zuƙi iska kamar wanda aka shaƙe aka sake. Na zura sanda, mai ya fi kashi uku cikin huɗu. Na sauko na samo siririyar waya na tura cikin bututun shan iskar nan da na leƙa da safe. Ta shiga kamar tsawon yatsa ta tsaya cik. Da na kwance bututun na ƙwanƙwasa shi a tafin hannuna, jar laka busasshiya ta zubo, da wasu 'yan tsutsotsi a ciki. Zanzaro ne ya yi ɗaki. Ya shige can ciki inda ido ba ya kaiwa, ya yi gininsa, ya ajiye wa 'ya'yansa abinci, ya liƙe.

Kowane mai shayi a garin nan ya san wannan ilmin. In zai zuba madarar gwangwani, huda biyu yake yi, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Toshe ta biyun ka ga yadda madarar za ta tsaya. Tankin jirgi ma sai ya sha iska daidai yawan man da ya bayar, in ba haka ba famfo zai yi ta ja har ya gaza, wani lokaci har tankin ya lotsa. Sa hannuna ne a takardar ranar, kuma leƙawa na yi alhali aikin na gwadawa ne. Ban ɓoye wannan a rahoton da na rubuta ba. Tun daga ranar, jirgin da ya kwana biyu a waje ba ya tashi a hannuna sai na tabbatar iska na ratsa bututun nan daga baki har tanki.

Maigidana da ya horar da ni, wani dattijo Basakkwace da ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, yakan buga gilashin gejin mai da farce ya ce, "Wanga abu maƙaryaci na. Abin da idonka bai gani ba, babu shi cikin tanki." A lokacin ina ganin tsufa ne ke sa shi faɗar haka. Amma gejin yawancin tsofaffin jiragen nan ɗan ƙwallo ne mai yawo a saman mai, irin na tsohuwar mota, yana tsufa yana maƙalewa, kuma tankin fiffike shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, taƙi kaɗan a tsaye lita ce mai yawa. Shi ya sa kowane jirgi muke yi masa sandarsa. A tsiyaye tanki, a riƙa zuba mai da awo ana yi wa sanda zane, a rubuta lambar jirgin a jikinta. Sandar wani ba ta auna wani. Kuma sai jirgi yana tsaye a daidaitaccen wuri, don in ƙasa ta karkace awon ya karkace. Cessna ma in ka ajiye shi a gangare ka bar makulli a "duka biyu", man fiffiken sama zai sulale zuwa na ƙasa cikin dare, ka zo da safe ka tarar ya ɗiga a ƙasa ta bututun iska.

Sannan ba duk man da ke tanki ne naka ba. Cessna 172S yana ɗaukar galan 56, amma 53 kawai littafinsa ya yarda ka lissafa. Sauran ukun suna kwance a lungunan da bakin bututu ba ya kaiwa a kowane hali. Wannan shi ne man da ɗan ƙanwata ke samu in ya kwantar da babur ɗinsa. A jirgi kuwa karkatawar cutarwa take yi: in mai ya yi ƙasa matuƙi ya karkata jirgin ba daidai ba, man zai gudu ya bar bakin bututu a buɗe, inji ya sha iska.

Tunda na ambaci galan, a nan akwai rami. Galan ɗin da 'yan bumburutu ke sayar da mai da shi a bakin titi daban. Na Ingila lita 4.55 ne. Na Amurka, wanda littattafan Cessna da Piper ke nufi, lita 3.79 ne. Mu kuma da lita ake sayar mana, nauyin jirgi kuma da fam ko kilo ake lissafa shi. Matuƙi ya ce a zuba masa talatin, yana nufin galan, yaron mai ya zuba lita talatin, an ba shi kusan rubu'in abin da ya nema, kowa kuma ya tafi da zuciya ɗaya. Kada wani ya ce wannan sai mu. A ranar 23 ga Yuli 1983, wani Boeing 767 na Air Canada da ya taso daga Montreal zai je Edmonton ya rasa injinansa biyu a sama, saboda an lissafa mansa da fam maimakon kilo, ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake buƙata. Allah ya sa matuƙan suka lallaɓa shi ba inji suka sauke a wani tsohon filin sojan sama a Gimli, ba a rasa rai ba. Ni dai ƙa'idata, duk lambar da ba a rubuta ma'auninta a gefe ba, ban karɓe ta ba.

Ruwa shi ne abokin gaba na biyu, kuma mu nan Sakkwato rana ce ke buɗe masa ƙofa. Robar da ke zagaye da murfin tanki, zafin bazara yana gasa ta har ta tsattsage, sai ruwan Agusta ya zo ya taru a kwarmin murfin ya tsiyaya ciki. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda bututu ke ɗiba. Shi ya sa ake tatsar tanki kafin tashin farko da kuma bayan kowane shan mai. Man waɗannan jirage, abgas mai lamba 100LL, shuɗi ake rina shi, don haka in ka ɗaga kofin sama za ka ga ruwan a ƙasa kamar ƙwayar tsakiya, shuɗin a samansa. Abin tsoron shi ne kofin da ya cika da ruwa zalla, domin babu layin da zai raba, sai mai gaggawa ya ga abu garau ya ce lafiya. Ni nakan kara kofin a jikin farin fentin jirgi in tabbatar da shuɗin, in kuma sansana. Sababbin 172 wurin tatsa goma sha uku gare su, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki. Na sha ganin yara suna tatsar huɗu su miƙe. Tsofaffin Cessna 182 kuwa tankinsu jakar roba ce a cikin fiffike, in ta tsufa takan yi ninki, ruwa ya ɓuya a bayan ninkin, sai an girgiza fiffiken an sake tatsa.

Abgas ba man da za ka samu ko'ina ba ne a ƙasar nan, kuma da tsada. Sau da yawa a duro ake kawo mana shi a bayan mota. Duron da aka bari a tsaye a waje, ruwan sama na taruwa a kansa, da rana ya yi zafi ya fitar da numfashi, da dare ya huce ya zuƙo ruwan ta bakin murfi. Kwantar da shi ake yi. In an gangaro da shi kuma a bar shi ya natsa kafin a ɗiba, kada bututun famfo ya taɓa gindinsa, kuma ta matata za a zuba. Da hunturu sai a ƙara da wata fargabar. Kun san yadda mutum ke cire rigar sanyi cikin duhu ya ga tartsatsi, ko ya taɓa ƙofar mota ta ja shi. Wannan tartsatsin ya isa ya tayar da gobara a bakin tanki. Don haka kafin a buɗe murfi sai an haɗa duro da jirgi da mazurari da waya, kuma jarkar roba ba ta zuwa kusa da jirgin da nake kula da shi.

Saboda wahalar abgas, akan samu mai cewa a zuba fetur ɗin mota mana. Akwai injinan da aka yarje musu, kamar Rotax 912, amma wanda littafinsa bai yarda ba, bai yarda ba. Fetur ɗin mota ya fi saurin zama tururi a cikin bututu in ya ji zafi, kuma ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Duk mai mota ya tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya lalata injina. Ga kuma wani sabon abu: jiragen Diamond da kwalejin Zariya ta koma amfani da su, farfela gare su kamar sauran, amma Jet A-1 suke sha, wato dangin kananzir. Yanzu ganin farfela ba ya gaya maka man da jirgi ke sha. In kananzir ya shiga injin abgas, zai tashi lafiya, ya yi gudun titi lafiya, sai an ba shi wuta sosai ya fara cin kansa. In ina shakka nakan ɗiga man a farar takarda. Abgas yana bushewa nan take bai bar komai ba, mai kananzir a ciki yana barin tabon maiƙo.

Zafinmu ma yana da nasa. Fetur na kumbura da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10. Cika tanki maƙil da sanyin asuba a watan Afrilu, ka bar jirgi a rana har azahar lokacin da zafi ya haura digiri 40, za ka tarar lita biyu ko uku sun bi ƙasa. Kuma cika tanki ba kullum ne alheri ba. Galan 53 ɗin nan, wato kimanin lita 200, nauyinsu ya kai kilo 144, nauyin manya biyu ke nan. Jirgi mai kujera huɗu irin 172 ba ya ɗaukar ƙarti huɗu da kayansu da cikakken tanki, balle a iska mai zafi wadda fiffike ba ya samun abin kamawa sosai. Dole a rage wani abu, kuma na sha ganin yadda ake jin nauyin cewa babban mutum ya rage kaya, sai a rage mai a yi shiru. Wannan kunyar ba ta da wuri a filin jirgi, kuma na ɓata da mutane a kanta.

Matuƙin kirki ba ya cewa man nan zai kai ni Kano. Cewa yake ina da awa kaza. Jirgi irin 172 in ka yi masa lissafin galan 10 a awa, cikakken tanki awa biyar ne da 'yan mintoci, ko ana iska ko ba a yi. Daga nan zuwa Kano kimanin kilomita 370 ne a miƙe, ƙasa da awa biyu in sama ta yi lumus. Amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mai zuwa gabas da ita yake kokawa, tafiyar ta ƙaru. Ya isa kuma ya tarar hazo ya rufe gari, hasumiya ta ce ya dakata, ko ya nemi Katsina ko Zariya. Dokar Amurka ta ce mai tafiya da ido ya tanadi rarar minti 30 da rana, 45 da dare. A ganina wannan na ƙasar da ke da filin sauka a kowane lungu ne. Mu da in Sakkwato ta rufe sai Birnin Kebbi, kuma hazon da ya rufe nan da wuya ya bar can, awa guda cur ita ce mafi ƙaranci, kuma a tanki ɗaya nake son ganinta, ba rabi nan rabi can ba. Lissafin littafin ma ya ginu ne a kan cewa matuƙi zai rage man da ke shiga inji in ya hau sama. Wanda ya manta ya bar shi a buɗe, yana shan fiye da abin da ya rubuta.

Akwai wani hatsari da nake yawan ba yaran da nake koya wa aiki labarinsa. Ranar 12 ga Oktoba 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya tashi daga Monterey a jihar Kalifoniya cikin wani ƙaramin jirgi ƙirar Long-EZ da bai daɗe da saye ba. Wanda ya zana jirgin ya sa makullin mai a gaban matuƙi, tsakanin ƙafafunsa, amma wanda ya haɗa wannan ya mai da shi bayan kafaɗar hagu. Man da ya tashi da shi kaɗan ne. Da tankin da yake sha ya ƙare, sai da ya murɗa jikinsa baya don ya kai ga makullin, kuma masu bincike sun ce a wannan juyin ne jirgin ya ƙwace masa ya faɗa teku. Matuƙi ne mai dubban awoyi a sama. Shi ya sa duk matuƙin da ya zo karɓar jirgin da bai saba da shi ba, nakan roƙe shi ya zauna a ciki tun yana ƙasa, ya ɗaura bel, ya rufe ido, ya kai hannu kan makullin mai ya murɗa shi hagu da dama har sai hannun ya san hanya da kansa, kamar yadda na ɗan ƙanwata ya sani, kamar yadda na Kyaftin ya sani a kan fadamar Wurno. Wasu suna ganin na raina su. Nakan ba su haƙuri, in kuma tsaya a wurin har sai sun yi.

Jiya da yamma yaron ya biyo ta gida gaishe ni. Na ce ya buɗe murfin tankin babur ɗinsa, na juya shi na nuna masa 'yar hudar da ke ciki, wadda bai taɓa lura da ita ba, ƙura ta kusa liƙe ta. Na aiki ƙaramar 'yata ta karɓo allura wurin mahaifiyarta, muka zauna a kan tabarma muna sokewa. Ya ce, "Kawu, ashe shi ya sa wani lokaci mashin ka mutuwa da mai ciki, in na buɗe murfi kuma shi tashi." Na ce masa shi ne. Ya mayar da murfin, ya buga, ya ce zai tsaya gidan mai kafin ya ɗauki kowa.